Buhun Agaji da Tutar da ke Jikinsa: Daga Uli zuwa Bagega



Tun lokacin da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, wato USAID, a shekarar 2025, mutanenmu suka rabu gida biyu. Wasu na cewa Allah raka taki gona, dama leƙen asiri ne ya kawo su, Bature ba ya ba ka komai a banza. Wasu kuma na cewa mun shiga uku, domin ba don waɗannan baƙi ba da asibitocinmu sun daɗe da zama kango. Na ga ya dace mu ajiye zafin rai mu duba tarihi, kuma tarihin ba nesa yake ba, yana nan a Kano da Maraɗi da Anka da Talatar Mafara. Abin da na fahimta daga gare shi shi ne, agajin da gwamnatocin waje ke bayarwa yana bin buƙatar mai bayarwa ne, a ranar da ya zo da kuma ranar da ya tafi. Amma a kowane karo sakacin shugabanninmu ne ya buɗe masa ƙofa, kuma duk lokacin da aka yi rigima a kansa, ƙananan yara ne ke kwana a ciki.

Kafin mu yi nisa, a bambance masu ba da agajin, domin yi musu kuɗin goro shi ke rikita muhawarar. Akwai hukumomin gwamnati irin su USAID, waɗanda ma'aikatan ƙasarsu ne kai tsaye. Akwai hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF da hukumar abinci ta WFP, waɗanda mafi yawan kuɗinsu daga aljihun gwamnatoci yake fitowa. Sai kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu, wasu na cin kwangila a hannun gwamnatoci, wasu kuwa, kamar likitocin MSF da gidajen rediyo ke kira Na-gari Na-kowa, kusan duk kuɗinsu daga gudummawar ɗaiɗaikun mutane yake zuwa. Wanda ya san inda kuɗin ƙungiya ke fitowa ya san wanda zai iya ce mata tsaya ta tsaya.

KAFIN ZUWAN BUHU

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, har suna kakanninmu suka riƙa raɗa mata. An yi Kakalaba a 1914, an yi 'Yar Buhu a 1927, an yi 'Yar Gusau a 1942. Kafin zuwan Turawa akwai dabarun tarar ta: rumbun gandu, zakkar hatsi da ake tarawa a hannun masu sarauta, rance tsakanin dangi, da cin rani. Ba su hana mutuwa gaba ɗaya ba, amma suna rage raɗaɗi. Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina ya wallafa littafinsa Silent Violence a 1983, ya nuna yadda harajin kuɗi na Turawa da tura manoma ga gyaɗa da auduga suka raunana waɗannan dabaru. Manomi ya koma sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ba shi da daraja don ya biya haraji, da bazara kuma ya dawo ya saye shi da tsada. Ke nan tun kafin buhun agaji na farko ya sauka, an riga an taɓa rumbun da ya kamata ya hana mu buƙatarsa.

DOKAR DA SUNANTA YA FAƊI GASKIYA

Agajin abinci na zamani ya samo asali ne daga wata doka da Shugaba Eisenhower na Amurka ya sa wa hannu a watan Yulin 1954, wadda aka fi sani da PL 480. Cikakken sunanta ya haɗa bunƙasa cinikin amfanin gona da ba da taimako, kuma cinikin ne ya zo farko. Manoman Amurka sun noma alkama da masara fiye da abin da kasuwarsu za ta ɗauka, gwamnati na kashe kuɗi wajen ajiya, sai aka ga gara a fitar da rarar zuwa ƙasashe matalauta, a rage kaya a rumbu, a buɗe sababbin kasuwanni, a kuma yi abokai. A 1961 Shugaba Kennedy ya kafa USAID ana tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Soviet, kuma ba a ɓoye cewa hana kwaminisanci yaɗuwa na cikin dalilan kafa ta ba.

A 1974 aka ga iyakar wannan alheri. Bangaladash na cikin matsananciyar yunwa bayan ambaliya, amma Amurka ta jinkirta tura mata hatsi saboda ta sayar wa Kyuba buhunan rama, ita kuwa Kyuba abokiyar gaba ce. Sai da aka daina cinikin sannan hatsin ya taso, a lokacin mutane masu ɗimbin yawa sun riga sun mutu. A 2001 kuma, ana fara yaƙin Afganistan, sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya bayyana ƙungiyoyin agaji a matsayin masu ƙara wa ƙasarsa ƙarfi a fagen fama. Masu sukar agaji ba ƙirƙirar zargi suka yi ba, daga bakin masu bayarwar suka ji.

BIYAFARA, INDA ABIN YA FARA A GIDANMU

Babu inda aka ga agaji da siyasa sun cakuɗe kamar a yaƙin basasar Najeriya. Bayan juyin mulki biyu na 1966 da kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a wannan shekara, Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, yaƙi ya ɓarke a watan Yuli. Gwamnatin Gowon ta toshe hanyoyin ruwa da na ƙasa. Zuwa tsakiyar 1968 hotunan yara masu kumburarren ciki da jan gashi sun cika jaridun Turai da Amurka. Yunwar gaskiya ce, ba farfaganda ba, kuma an yi ƙiyasin mutum miliyan ɗaya ko fiye sun mutu, mafi yawansu yara. Wannan abu ne da ya kamata mu 'yan Arewa mu iya faɗa ba tare da kame-kame ba.

Sai dai kowace babbar ƙasa ta shigo ne da nata lissafin. Birtaniya ta tsaya wa gwamnatin tarayya, kuma man da kamfanin Shell-BP ke haƙowa na cikin dalilanta. Tarayyar Soviet ta sayar wa Legas jiragen yaƙi don ta samu wurin zama a Afirka ta Yamma. Faransa ta Janar de Gaulle kuwa ta karkata ga Biyafara. Tana da tsohon haushi, domin a Janairun 1961 Najeriya ta kori jakadanta saboda gwajin bam ɗin nukiliya da ta yi a hamadar Sahara. Tana kuma ganin ƙatuwar Najeriya mai jin Turanci za ta danne ƙananan ƙasashen da ta raina. A ƙarshen Yulin 1968 ta fito fili ta goyi bayan 'yancin Biyafara, makamai kuma suka riƙa bi ta Gabon da Kwaddibuwa ƙarƙashin kulawar Jacques Foccart, mai riƙe wa de Gaulle harkokin Afirka. Biyafara ma ta ɗauki wani kamfanin tallata labarai a Janiba mai suna Markpress, wanda ya riƙa rarraba labarai da hotuna ga jaridun duniya.

Duk wannan ya haɗu a wuri guda, wani yankin titin mota da aka mayar filin jirgi a garin Uli. Da dare jiragen haɗakar coci-coci da na Red Cross ke sauka da busasshen kifi da madara da magani, da daren kuma jiragen makamai ke sauka a kan titin nan guda. Gwamnatin tarayya ta ce a shigo da abinci da rana ko ta ƙasa bayan an bincika, Ojukwu ya ƙi, domin jiragen abinci na dare su ne garkuwar jiragen makamai. Wani matuƙi ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya fara ne da jigilar abinci, amma a watan Mayun 1969 ya dawo da ƙananan jirage yana kai wa filayen jiragen Najeriya hari. A watan Yuni sojojin saman Najeriya suka harbo jirgin Red Cross, mutanen ciki suka mutu. Jiragen coci-cocin sun yi sawu fiye da 5,000, sun ceci rayuka da yawa. Amma masana irin su Alex de Waal, a littafinsa Famine Crimes na 1997, sun kawo hujjar cewa abincin da kuɗaɗen waje da ƙungiyoyin suka shigar sun ba Biyafara damar jan yaƙin da ta riga ta faɗi, wanda hakan ya ƙara yawan gawarwaki.

Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, Gowon ya ƙi karɓar agaji daga Faransa da Fotugal da Afirka ta Kudu da ƙungiyoyin da suka yi jigilar Uli, aka kuma kori limaman mishan da dama. Wasu daga cikin likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara, ciki har da Bernard Kouchner, suka kafa MSF a Paris a Disambar 1971. Shi Kouchner daga baya ya zama ministan harkokin wajen Faransa daga 2007 zuwa 2010. Ku riƙe sunan ƙungiyar nan, za mu sake haɗuwa da ita a ƙofar gidanmu.

MAƘWABTANMU NA NIJAR

Farin farkon shekarun 1970 ya ƙone Sahel, ya karkashe dabbobi, ya kori makiyaya zuwa bakin garuruwa. Hatsin agaji ya shiga Nijar, amma aka yi ta ƙorafin cewa manya na karkatar da shi suna sayarwa. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya hamɓarar da Shugaba Diori Hamani, kuma wannan badaƙala na cikin manyan dalilan da ya bayar. A daidai lokacin Diori na matsa wa Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyom, sojojin Faransa da ke Yamai kuwa ba su kawo masa ɗauki ba.

A 2005 yunwa ta dawo, ta fi tsanani a Maraɗi da Damagaram, inda ake kira rumbun ƙasar. Akwai hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gwamnati da masu ba ta rance sun yi ta jan ƙafa kan raba abinci kyauta, wai kada a ɓata kasuwa, sai aka riƙa sayar da shi a kan rangwame ga mutanen da ko rangwamen ba su da shi. A farkon shekarar ma an ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, sai da aka yi zanga-zanga aka sassauta. Kiran neman taimako da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bai samu amsa ba, har sai da BBC ta nuna hotunan yaran Maraɗi a watan Yuli, sannan kuɗi suka fara zubowa. MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa a Nijar a wannan shekara. Shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa, ya ce ƙungiyoyi ne ke kambama abin don su tara kuɗi. A Yulin 2008 gwamnatinsa ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, kafin ƙarshen shekara suka tattara nasu-ya-nasu. A nan siyasar ta fito ta ɓangarori biyu: masu bayarwa sun jira kyamara, mai mulki kuma ya fi jin zafin abin kunya fiye da kukan yara.

A Nuwamban 2015, bayan baƙin haure sun yi wa Turai yawa, Tarayyar Turai ta kafa wani asusun gaggawa don Afirka a taron Baleta na ƙasar Malta. Nijar na cikin waɗanda suka fi samun kuɗin, a daidai lokacin da ta kafa dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda ta durƙusar da direbobi da masu masauki a Agadas. Sunan kuɗin agaji, amma aikinsa tsare wa Turai ƙofa tun daga hamada. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi, su kuma sojojin suka soke dokar a watan Nuwamba. Kowa ya janye abin da ke hannunsa.

Kada mu manta da rawar da ƙasarmu ta taka a nan. Najeriya ce ta jagoranci takunkumin ECOWAS, ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka rufe iyakokin Illela da Jibiya da Maigatari, motocin abinci da magani suka maƙale a iyakar Binin. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. Wato mu ma da muka samu dama, abinci da wuta muka mayar sanda a kan 'yan uwanmu na jini. Najeriya kuma tana da nata shirin tura likitoci da malamai zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan tun 1987, kuma a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje yake. Haɗa taimako da siyasa ba halin Bature kaɗai ba ne, halin gwamnati ne.

KANO DA KUƊIN ZARGI

Zargin da mutanenmu ke yi yana da tushe. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Pfizer kamfanin kasuwanci ne ba ƙungiyar agaji ba, sai dai uwar da ta kai ɗanta asibiti a ranar fararen fata kawai ta gani sanye da rigar likita.

A 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi, jihohin Kano da Kaduna da tamu Zamfara suka dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin an gauraya shi da maganin hana haihuwa. Gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da zargin ba. Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004 da wanda aka sayo daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, yaranmu kuma da yawa suka shanye, suna nan cikinmu yau sun girma a kan keken guragu.

Sai ga shi a 2011 an gano hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta shirya rigakafin bogi a garin Abbottabad na Pakistan don farautar Usama bin Ladan. Wannan ya ba masu zargi hujjar da suke nema. A Pakistan aka shiga harbe masu rigakafi. A Kano ma, ranar 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara, mata 'yan uwanmu da suka fito neman na cefane. Sai a 2014 fadar White House ta yi alkawarin ba za a sake fakewa da rigakafi a yi leƙen asiri ba. Wanda ya yi yaudarar yana Washington lafiya lau, waɗanda suka biya kuwa matan Kano ne da yaran da aka hana ɗigo.

BAGEGA

Yanzu mu dawo gida. A watan Maris na 2010, ma'aikatan MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi kuma ba ya musu aiki. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Farashin zinari ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida, mata na daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar na sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke. Dubbai kuma gubar ta taɓa, wasu har ƙwaƙwalwa.

Maganin fitar da gubar ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da dalma. Dole sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Da taimakon hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da hukumar lafiya ta duniya da wasu ƙwararrun muhalli na waje, aka share ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, inda yara kimanin 1,500 ke jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Wata ya bi wata, kuɗi ba su fito ba, likitoci na zaune da magani a hannu ba halin bayarwa. Sai da matasan Najeriya na shirin Follow The Money da Hamzat Lawal ya jagoranta suka tayar da ƙura a intanet, ƙungiyar Human Rights Watch ma ta matsa, sannan aka saki kuɗin a ƙarshen Janairun 2013. Jinyar yaran Bagega ta fara a watan Afrilu, shekara uku bayan gano cutar.

A wannan labari ba baƙo ne ya yi wasa da rayukan yara ba. Ƙungiyar da aka haifa daga rikicin Biyafara, wadda Tandja ya kora daga Maraɗi, ita ce ta zauna a Anka fiye da shekara goma kafin ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha a 2022. Masu jinkirin namu ne, a ƙasar da ke sayar da mai. Mutanen yankinmu sun san wannan hali tun daga madatsar Bakolori, aikin da aka yi da kuɗin Najeriya, inda manoman da suka nemi diyyar gonakinsu suka gamu da harsasan 'yan sanda a Afrilun 1980. Don haka duk mai cewa a kori baƙi gwamnati za ta riƙe mu, sai ya fara amsa tambayar Bagega.

TASWIRAR DA BABU MU A CIKI

Shekara da shekaru, shirin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya jihohi uku ya shafa: Borno da Adamawa da Yobe. Mutanen can sun cancanci kowane ƙwayar hatsi da suka samu. Amma me ya sa aka bar Zamfara da Sakkwato da Katsina a waje? A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40 a Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a ƙaramar hukumar Bakura. Manoma a Maradun da Bakura sun bar gonakin nesa, wasu sai sun biya haraji kafin su yi shuka ko girbi. Binciken MSF na 2024 a Shinkafi da Zurmi ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Tun 2022 ƙungiyar ke kiran a saka Arewa maso Yamma cikin shirin.

A ganina amsar tana cikin sunan da aka ba kowane rikici. Boko Haram da ISWAP suna cikin jerin ta'addancin duniya, suna da alaƙa da abin da ke hana manyan ƙasashe barci. Namu kuwa an daɗe ana kiransa ɓarayin daji, matsalar cikin gida, ba ta barazana ga kowa a Paris ko Landan. Gwamnatinmu ma ba ta ɗokin a ce wani yanki na biyu ya fi ƙarfinta. Buƙatar mai bayarwa da kunyar mai mulki suka haɗu, yaron Damri ya faɗa tsakani.

Sai 2025 ta zo ta cire duk wani kokwanto. Ranar 20 ga Janairu, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Trump ya dakatar da agajin waje na kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe ta, ragowar aikin ya koma ma'aikatar harkokin waje. A watan Fabrairu Firaminista Keir Starmer na Birtaniya ya sanar da rage kuɗin agaji daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na arzikin ƙasa, ya kuma faɗi ƙarara cewa za a zuba kuɗin ne a harkar soja. Ba yunwar ce ta ragu ba, lissafinsu ne ya canza. A wata shida na farkon shekarar, yara 652 suka mutu da tamowa a cibiyoyin MSF na jihar Katsina kaɗai. Ita MSF ta ci gaba da aiki a Katsina da Talatar Mafara da Gummi, saboda ba da kuɗin gwamnatin Amurka take tafiya ba, amma da wasu cibiyoyin suka rufe ko abincin tamowa ya yanke musu, nauyin ya dawo kanta. Majalisarmu ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓin. Wannan ya nuna ashe kuɗin na iya samuwa idan an ga uwar bari.

TO, INA MAFITA?

Ban ga hikima a ce wa uwar da ɗanta ke dab da mutuwa ta ƙi ledar abincin tamowa saboda akwai tutar wata ƙasa a jikin kwalin ba. Mun gwada ƙin karɓa a 2003, mun ga abin da ya biyo baya. Ban kuma ga hikima a miƙe ƙafa a ɗauka buhun zai yi ta zuwa har abada ba, tunda sa hannun mutum ɗaya a rana ɗaya ya isa ya tsayar da shi.

Abin da ya rage mana shi ne tambaya, kuma mu masu ɗan ilimi da waya a hannu mu ya fi kamata mu yi ta. Idan wata ƙungiya ta shigo ƙauye, a tambayi wa ke ba ta kuɗi, me za ta yi da sunaye da bayanan da take ɗauka, wa zai gaji aikin ranar da ta tafi. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Amma tambayar da ta fi nauyi ta gida ce. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Nawa jiharmu ta ware wa tamowa bana, nawa aka saki? Nawa ke shiga asusun ƙananan hukumomin Bakura da Maradun da Talatar Mafara duk wata, nawa ya isa ɗakin shan magani na ƙauye? Abincin tamowar nan gyaɗa ce da madara da mai da sukari, har a Kano ana yin sa, gyaɗar kuwa mu ke noma ta. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Matasan da suka ƙwato kuɗin Bagega ba su da muƙami, ba su da bindiga. Takardar alkawari suka riƙe, suka yi ta ƙirga kwanaki a bainar jama'a har aka ji kunya. Wannan aiki ne da zaure irin namu zai iya. Ina fata cikinmu a samu wanda zai nemo kasafin lafiya na jiharmu na bana ya kawo mana nan, mu duba shi tare a mako mai zuwa. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.